Katuna Masu Jan Zare

6 ga Afrilu

Goggo,

Sallama da gaisuwa daga ɗanki. Ina fata takardar nan ta same ki lafiya, ke da 'yarki Auta da mijinta da jaririyar da kika tafi gani har hanya ta rufe a bayanki. Mu nan lafiya lau, annobar nan ba ta taɓa kowa a gidanmu ba, mun gode Allah. Na so in kira ki a waya, sai na tuna yadda muka ƙare wancan karon, ni ina ihu har maƙwabta na leƙowa, ke kina cewa in ɗaga murya. Kuma maganar nan ba wadda zan so ta bi ta bakin Auta ba ce.

Maganar asibitinmu ce, Goggo. Bencinan nan uku na ɗakin jira, da kike tsawata wa mutane su matsa wa juna a kai, yanzu gogewa kawai muke yi. Inda muke ganin mutum arba'in a rana, jiya huɗu suka shigo, ɗaya ma tambayar hanya ya zo yi. Masu awon ciki sun ɗauke ƙafa, masu kawo yara rigakafi sun ɗauke ƙafa, masu hawan jini sun ce gara jinin ya yi ta hawa da su shaƙi annoba a wurinmu. Ban ga laifinsu ba. Amma kwalin safar hannu ya ninka kuɗinsa sau huɗu, takunkumi kuwa sai ka san wani da ya san wani. Firjin rigakafi bai san ana annoba ba, wutarsa yake sha kamar kullum. Mai ginin da muke haya ma bai sani ba.

Ba aikin ne ya ƙare ba fa. Wayata ba ta hutawa. Mutum zai kira ya yi rabin awa yana gaya mini yadda cikinsa ke juyawa, in faɗa masa abin da zai sha da abin da zai bari, ya sa mini albarka ya kashe. A wurinsa gaisawa muka yi. Na taɓa daurewa na ce wa wani ya turo kuɗin duba shi, ya ce, "Haba Likita, hira ma sai an biya?" Ni na ƙare da ba shi haƙuri.

Wata biyu ban ɗauki albashi ba. Doguwa, nas ɗinmu, da Mai Tabarau na ɗakin magani, rabi-rabi na ba su. Suka karɓa suka koma bakin aiki, wallahi da sun yi mini faɗa da ya fi mini sauƙi.

To ga dalilin takardar. Wani kamfani mai manyan asibitoci ya aiko mutum, wani mai kwat da ke tsayawa a bakin ƙofa ba ya yarda ya shigo. Suna so su saye mu. Ba gadon gwaji suke so ba, ba benci ba, katunan marasa lafiyarmu suke so. Za su rufe nan, mutanenmu su riƙa zuwa babban asibitinsu na ƙetaren gada, mu uku kuma a ba mu aiki da albashi. Sun ba ni zuwa ƙarshen Yuni. Tunda ke da marigayi Baba kuka kafa wurin, rabi naki ne, ba abin da zai yiwu sai kin sa hannu. Ga takardar yarjejeniyar na haɗo. Ban ce ki sa ba, ban ce kada ki sa ba. Ki dai karanta.

Sai wata 'yar tambaya. Mai Kwat ya ce duk katin da ya shekara ba a buga masa hatimi ba, ba sa ƙirga shi, in ware in ƙona. Da na shiga ɗakin katinki, wanda shekara uku da zuwana ba ki taɓa barina na taɓa ko kanta ɗaya ba, sai na tarar da wasu katuna a kantar ƙasa, an huda kusurwar kowane an ɗaura jan zare. Saba'in da ɗaya. Ba hatimi a ko ɗaya. Na ɗauka waɗanda suka rasu ne, ko waɗanda suka tsere ba su biya ba. Ki tabbatar mini kafin in yi abin da ya ce.

Ɗanki,
Shiru-shiru, tunda kin ƙi daina kirana haka

12 ga Mayu

Goggo,

Ina gaisuwa. Muna nan lafiya. Ke ma na san kina lafiya, don Auta ta gaya mini a waya kina ci kina sha, kina koya wa mijinta yadda ake riƙe jariri. Na tambaye ta ko takardata ta iso, ta ce tun tuni, kin karanta kin sa a jaka. To tunda lafiyarki lau, shirun da kika yi mini shi ne amsar. Na ji.

Na san abin da kike gani. Yaron da ya zo daga babban asibiti da kwamfutarsa, cikin shekara uku ya kashe abin da kuka yi shekara talatin kuna ginawa. In haka ne ki faɗa mini gatsal, kin san zan iya ɗauka. Amma wannan shirun yana cina, Goggo, ban ɓoye miki ba.

Ga abin da ya faru tun wancan lokacin. Na sayar da mota. Mai Tabarau ya koma wurin kamfanin tun kafin a saye mu. 'Ya'yansa biyar, ni da hannuna na rubuta masa takardar shaida, kuma ya yi kuka da zai tafi. Yanzu ni ne likita, ni ne mai ba da magani, ran da Doguwa ba ta nan ni ne mai shara. Tallafin da aka ce za a ba ƙananan asibitoci, sau uku ina cike fom, kowane karo a ce saura takarda guda. Mai gini ya fara zuwa da wani mai sayar da kayan waya suna auna bangon ɗakin jira da igiya, a gabana, suna yi mini sannu da aiki.

Katunan nan masu jan zare, na gaji da jira. Shekaranjiya na zuba su a kwali na ba Doguwa ta kai wurin ƙona shara.

In ba za ki sa hannu ba, ki dawo mini da takardar, in san inda na tsaya.

Ɗanki

24 ga Afrilu
(An rubuta da fensir a saman takardar, da hannun likitan: ta iso 20 ga Mayu.)

Shiru-shiru, ɗan Yayana,

Allah ya yi maka albarka, ya tsare ka da iyalinka. Ina lafiya, sai dai zaman ɗaki ya ishe ni. Jaririya kyakkyawa ce, hancin babanka ta ɗauko, Allah ya sa kada ta ɗauko taurin kansa. Takardarka ta iso jiya. Gaisuwar ta isa haka.

Kada ka ƙona katunan nan! Ka ji ni? In ka riga ka kyasta ashana, ka sa hannu cikin wutar ka ciro su. Wane irin waɗanda suka rasu? Wa ya taɓa ganin na ɗaura wa mamaci zare?

Mutanen nan suna raye, kuma su ne waɗanda ba sa zuwa sai an je. Wani tsoho ne shi kaɗai a gida, wata ƙafa ce ba ta kai ta, wani girman kai ne kawai, in ka tambaye shi jiki ya ce garau alhali idonsa na juyawa. Kai da Doguwa kun ɗauka duk Talata da Alhamis da nake ɗaukar jaka ƙarfe uku ziyarar ƙawaye nake tafiya ko? Ƙawaye nawa gare ni? Ma'aunin hawan jini ne a jakar, da na suga, da magani. Shi ya sa ba hatimi a katin, hatimi a kan teburin asibiti yake zama, ni kuwa a bakin ƙofarsu nake ganinsu. Kuɗin maganin wasu 'ya'yansu ne da ke nesa suke aiko mini, in sa a akwatin asibiti, wasu kuma ni da babanka muka san yadda muke yi.

Da zan taho, maganin wata biyu na bar wa kowa, don sati shida na ce zan yi. Kai likita ne, ka ƙirga daga Janairu. Ya ƙare musu tun tuni.

Ka fara da Tsohon Direba, gida na uku bayan shagon mai faci, ƙofa shuɗiya. Kada ka tambaye shi yaya jiki, ƙarya zai yi maka. Ka ce ka zo ya duba maka ƙarar da injin motarka ke yi, in ya zauna yana bayani sai ka kama hannunsa ka ɗaura ma'auni. Daga nan Mai Ɗinki, a saman bene kusa da famfo. Suga gare ta kuma ba ta jin ƙafarta. Ka sa ta cire safa da kanka kana tsaye, in ta ce ta duba ɗazu kada ka yarda. Sauran, kwatancen gidan kowa na bayan katinsa da ƙananan rubutu, ka sa tabarau.

Maganar kamfani kuwa, na karanta takardarsu sau biyu. Ban ga inda suka ce za su hau bene kusa da famfo ba. Mutumin da ba ya iya shiga ɗakin jira shi ne zai ƙwanƙwasa ƙofa saba'in da ɗaya? Ba zan sa hannu ba sai ka ga mutanen nan da idonka, ɗaya bayan ɗaya. In ka gama, mu yi magana.

Albashin da ba ka ɗauka ba, ban ce ba komai ba ne. Amma ka san sau nawa ni da babanka muka ci abinci sau ɗaya a rana a wurin nan? Ka ɗaure ɗamara, ai ba yau aka fara ba.

Da kaina zan jefa wannan a akwatin gidan waya na bakin titi, in na fita shan iska. Auta ba ta san komai ba, kuma ba ruwanta.

Goggonka

28 ga Mayu

Goggo,

Ina gaisuwa, ina fata kuna lafiya. Wannan ta hannun wani direban babbar mota na ba da, wanda nake duba matarsa. Su ana barinsu su wuce da kaya, ya ce kwana huɗu za ta same ki. Na gama da gidan waya. Takardarki kwana ashirin da shida ta yi a hanya, kuma kafin ta iso na riga na aiko miki da wata mai zafi. Ki yafe mini ita.

Katunan suna nan. Da na gama karanta takardarki na fita da gudu ba takalmi, Doguwa na kallona. Na ce, "Kwalin nan fa?" Ta ce, "Wanne? Wanda na ɓoye a ƙarƙashin gadon gwaji?" Wai ba za ta iya ƙona abin da kika ɗaura da hannunki ba, ko da korarta zan yi. Sai na ce ta ɗauko jaka.

Mun je ƙofa shuɗiya, Goggo. Ba mu same shi ba. Mai faci ya ce ranar uku ga Mayu suka ga bai fito shan rana ba, suka ɓalle ƙofa suka tarar ɓarin jikinsa ya shanye. Kwana biyar ya yi a babban asibiti, Allah ya karɓi abinsa. Matar mai faci ta nuna mini kwalbar maganinsa a kan taga, ba ko ƙwaya ɗaya a ciki, ya wanke ta ya ajiye yana jiran ki dawo ki cika. Daga ƙofarsa zuwa tamu ba ta kai tafiyar minti goma ba. A ranar ina zaune a kan benci ina ƙirga safar hannu.

Mai Ɗinki mun same ta. Ta ce ta duba ƙafar ɗazu, kamar yadda kika ce za ta faɗa. Na tsaya har ta cire safa. Allurar ɗinki ce ta karye a tafin ƙafarta, Allah kaɗai ya san tun yaushe, wurin ya kumbura ya fara wari, ita kuwa tana ta ba ni labarin tsadar zare. Da mun ƙara sati biyu da sai an yanke. Kullum da safe Doguwa na hawa benen ta wanke mata.

Cikin kwana takwas mun ga talatin da huɗu, a ƙafa, tunda ba mota. Muna tsayawa a bakin ƙofa da takunkumi, su miƙo hannu. Kowa tambayarsa ɗaya, ina Goggo. Wata ta ƙi buɗe mini sai da na zura katinta ta ƙarƙashin ƙofa ta ga zaren.

Amma zan faɗa miki abin da ke raina, ko da zai ɓata miki. Me ya sa ba ki gaya mini ba? Shekara uku muna cin abincin rana a teburi ɗaya. Da hanya ta rufe, me ya hana ki sa Auta ta kira ni ta ce mini kalma biyu? Ina fushi da gidan waya, ina fushi da kaina, ke ma ina fushi da ke.

Kuma kada ki ce mini in ɗaure ɗamara. Lokacinku ku biyu ne kuka kwana da yunwa, da yardarku. Ni Doguwa nake sa wa yunwar, ga uwarta a hannunta. Kowane gida da na shiga magani nake fitarwa daga kanta, ba abin da ke shigowa. Na tambayi Mai Kwat, in an saye mu wa zai riƙa zuwa wa mutanen nan? Ya yi murmushi ta cikin takunkumi, ya ce ƙofarsu a buɗe take ga kowa. In na sayar, ba su da kowa. In ban sayar ba, ban san da me zan kai Agusta ba. Sauran talatin da shida dai zan gan su, wannan kam ko me zai faru.

Ɗanki

5 ga Yuni

Ɗana,

Allah ya ba ka lada, ya ba Doguwa. Takardunka biyu rana ɗaya suka same ni, mai zafin da ta bayanta. Muna lafiya. Ƙafafuna ne suka ɗan kumbura, numfashi kuma yana yi mini wuya in na hau matakala, amma zama ne ya jawo, ba komai ba ne.

Tsohon Direba. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Shi ya kai mu da motarsa muka ɗauko bencinan nan uku, ya ƙi karɓar ko kuɗin mai. Na shiga banɗaki na yi kukana don kada Auta ta gani. Allah ya jiƙansa, ni kuma ya yafe mini.

Ka tambaye ni me ya sa ban gaya maka ba. Ba zan yi maka kwana-kwana ba, tsoro ne. Ka zo da kwamfutarka kana sa wa kowace ƙwayar magani lamba, na ce yaron nan in ya gano zai ce asara ce, ya hana. Sai na ɓoye maka kamar mai sata. Da hanya ta rufe, kullum ce wa kaina nake yi sati mai zuwa za a buɗe, in koma in cike kwalabe ba wanda ya sani. Na zaɓi rufin asirina a kan mutanen nan. Ban ba ka dama ka hana ba, ban ba ka dama ka yarda ba, na yanke maka hukunci ni kaɗai. Fushinka yana kan hanya.

Maganar ɗamara ma ka yi gaskiya. Ina zaune a kujera mai laushi ana kawo mini shayi, ina aika wa mai jin yunwa umarni. Ashe tsufa ba ya hana mutum rashin kunya.

Ga takardar kamfanin, na sa hannu. Duba, har wuri biyu da suka yi alama. Kai ke ɗauke da kayan, kai za ka san inda za ka sauke. In ka sayar, wallahi ba zan taɓa buɗe baki in ce maka don me ba, kuma duk wanda ya ce ka kashe wurin babanka ka turo mini shi. Abu ɗaya nake roƙo. Kafin ka miƙa makulli, ka samar wa kowane mai jan zare wanda zai riƙa ƙwanƙwasa masa ƙofa, ko maƙwabci ne.

Na haɗo maka ɗan littafina mai baƙin bango. Lambobin 'ya'yansu ne da suke aiko mini da kuɗin magani. Yau na zaunar da Auta na gaya mata komai, ta yi mini faɗa kamar ita ta haife ni. Daga yau in da magana ka kira ta, ta rubuta mini a takarda in karanta.

Direbanka na jira a waje yana danna hon, na tsaya nan.

Goggonka

2 ga Yuli

Goggo,

Gaisuwa mai yawa, daga ni da Doguwa da mutum saba'in da suka ce in ban gaishe ki ba kada in ƙara zuwa. Muna lafiya. Mun gama zagaye ranar sha tara ga Yuni. Uku mun tura babban asibiti, duk sun dawo da ƙafarsu. Mai Ɗinki ta fara taka keken ɗinkinta, ta ɗinka mana takunkumi ashirin da ragowar yadi, nawa mai furanni ne, haka nake yawo da shi a unguwa ana yi mini dariya.

Littafinki na bi shi lamba bayan lamba. Ni da ban iya ce wa mutum ya biya kuɗin waya ba, sai ga ni ina cewa, "Ni ne ɗan Goggo. Zan riƙa zuwa wurin mahaifinka sau biyu a wata, in kira ka in gaya maka abin da na gani. Ga abin da za ka riƙa turowa."  Ashirin da uku sun yarda nan take, wata ma kuka ta fashe da shi, ta ce wata huɗu ba ta san halin da uwarta ke ciki ba. Wasu sun ce annoba ta cinye aikinsu, na ce ba komai, zan je. Biyu sun kashe mini waya, iyayensu ma zan je.

Kada ki ɗauka mun tsira. Abin bai isa hayar ginin ba, ko kusa. Na zauna da mai gini, na bar masa ɗakin jira da ɗakin magani da ofishin Baba. Ran da aka cire allon sunan Baba daga ƙofar ofishin fita na yi, don ba zan iya kallo ba. Mai kayan waya ya riga ya fara fenti. Ɗaki ɗaya na riƙe, ɗakin katinki, tunda yana da tasa ƙofar ta lungu. Mun shigar da gadon gwaji da firji, in na juya sai na ce wa Doguwa gafara. Benci biyu na sayar. Ɗaya na ajiye a lungun, ƙarƙashin inuwa, kuma masu rigakafi sun fara dawowa tunda a waje ake zama. Jiya goma sha ɗaya muka gani. Na sayi tsohon keke.

Doguwa na gaya mata gaskiya, na ce ga takardar shaida in tana so ta bi Mai Tabarau, ba zan riƙe ta ba. Ta ce za ta ba ni zuwa Disamba a kan rabin albashi, in abin bai tashi ba za ta tafi, kada in ji haushi. Na ce na yarda. Saboda haka zuwa Disamba nake da shi, kuma ba zan zauna a benci ina jira ba.

Mai Kwat ya zo ranar talatin ga Yuni, ya tsaya a bakin lungu. Ya ce takardar fa? Na ce tana da amfani a wurina. Takarda ta yi tsada, Goggo. Ki juya wannan da kike karantawa ki ga bayanta. Ga sa hannunki nan wuri biyu, ga wurin nawa ba komai. Ki ajiye ta, ba zan ƙara buƙatarta ba.

Saura magana ɗaya. Ƙafa ta kumbura, numfashi na wuya a matakala, amma ba komai ba ne ko? Na ji irin wannan amsar a ƙofa saba'in. Na kira Auta, ranar Litinin za ta kai ki a duba zuciyarki, kuma ba shawara nake ba ki ba. Na duba kantocinki kaf, shekara talatin kina buɗe wa mutane kati, ke ba ki da ko ɗaya. Na buɗe miki. Doguwa ta huda kusurwar, Mai Ɗinki ta ba da zaren, ni na ɗaura. Yana kantar ƙasa tare da sauran.

Ran da aka buɗe hanya ki saurari ƙofa. In ba ki ji ba, zan yi ta bugawa har Auta ta buɗe.

Ɗanki,
Shiru-shiru